Ƙofar da Mama Ta Sani

Asabar, da hantsi

Yau ma an yaba ƙofar. Matar maƙwabci ta yaba, mai kwasar shara ya yaba, wani da ban taɓa gani ba ya tsaya har da shafa ta, wai ashe irin wannan katako aka binne a ƙarƙashin fenti. Na ce masa na gode. A zuci na ce ɗauke hannunka.

Ta yi kyau, ba ƙarya. Kusan wata guda na yi a kanta. Na kwance ta, na kwantar da ita kan benci biyu a tsakar gida. In shafa maganin cire fenti, in jira ya tashi ya yi bororo kamar ƙuna, in bi da wuƙa in kankare. Kore, ƙarƙashinsa kore, ƙarƙashin wannan ma kore. Baba bakanike ne a garejin bas, kuma duk shekarar da aka yi wa motocin fenti sai ya dawo da ragowar gwangwani ya juye wa ƙofarmu. Bai taɓa kankare na baya ba. Ko ƙura bai taɓa sharewa ba. Na tarar da gashin burushi a ciki, na tarar da ƙuda guda da fukafukansa, wataƙila ma ya girmi Auta.

Bayan wuƙa sai samfefa mai kaushi, sai mai laushi, sai man katako. Na fere ƙasan da ke cijewa a daɓe. Na ɗiga wa ƙarafan mai, suka daina kuka. Yanzu da ɗan yatsa ake tura ta.

Auta ya kira. Ya ce bayan abin da ya faru ranar Laraba babu sauran magana, ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauki Mama ta koma wurinsa. Bene hawa na huɗu, a garin da ba ta san ko titi ɗaya ba. Matar da ta shekara hamsin a gidan nan.

"Yaya, ki yi tunani da hankali," in ji shi.

Ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi. Yau shi ne mai rabon hankali.

Ba zan rubuta Laraba ba.

Lahadi, da rana

Ba ta ci ba.

Litinin, da safe

Likita ta ce a riƙa yi mata magana a hankali, da murmushi, kada a yi mata gardama. Wata da watanni ke nan ina magana kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Wani lokaci ni kaina ba na gane muryar.

Tun Laraba na hana ta fita. Tana zaune a kujerar da ke fuskantar ƙofa, jakarta a cinya, takalmi a ƙafa. Ba ta taɓa tukunya, ba ta buɗe firiji. Da safen nan ta tambaye ni, cikin ladabi sosai, ina ne makewayinmu. Namu. Na raka ta, ta yi godiya.

Da ta fito ta dubi ƙofar ta ce, "Kun ji daɗi, ƙofarku mai kyau. Yaushe za a mai da ni gida?"

Na ce an kusa. Da murmushi, kamar yadda aka umarta.

Talata, da yamma

Tela ya tsallako da kansa. Shagonsa na kallon ƙofarmu, kuma shekara da shekaru can Mama ke zuwa duk safiya, ta zauna a bencinsa tana tsince masa zare daga kayan da ya gama, in rana ta take ta dawo. Titi ɗaya za ta tsallaka. Wannan kaɗai ya rage mata na fita, kuma ba ta taɓa kuskurensa ba.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

"Malama, wallahi a kan idona. Ta tsallaka lafiya lau. Ta tsaya gaban ƙofar, ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗan matsa ta dubi ta maƙwabta, ta dawo. Sai na ga ta yi gaba. Na ɗauka aikenta kika yi."

"Aike? Yaushe ka taɓa ganin na aike ta?"

"To, ai ni ɗinki nake."

"Ka ci gaba da ɗinkinka."

Bai yi fushi ba, ya saba. Ya ce bencin ya yi masa faɗi, kuma zare ya cika masa kaya. Sannan yana juyawa ya ce, "Kin san inda aka same ta, ko? Ba a bakin titi take ba. Jingine take da ƙofar garejin."

Na san a tsohon garejin bas aka same ta, wanda yanzu ake sayar da tayoyi a ciki. Abin da ban sani ba shi ne jingine take da ƙofar.

Laraba, da hantsi

Na je na gani. Babbar ƙofar ƙarfe ce, ta yi tsatsa, an lilliƙa mata takardun talla. Amma a gefen hagu, inda rana ba ta duka, fentin yana nan.

Koren ne. Namu.

Tafiya ce mai nisa ga mai lafiya ma. Mama ta yi ta da silifas, da tsakar rana, tana duba ƙofa bayan ƙofa, har ta sami guda ɗaya a duk garin da ta yi daidai. Ta zauna tana jiran a buɗe mata.

To, ga shi na rubuta Laraba.

Laraba, da yamma

Na ce wa Auta ba ɓata ta yi ba, ƙofar ce ta ɓace mata. Ya ce duk ɗaya ne. Na ce ga wanda bai taɓa kwana da ita ba tun da aka fara wannan abu, komai ɗaya ne. Sai ya ce, "Yaya, ba ni na ce ki taɓa ƙofar ba."

Na kashe wayar.

Tun ina makaranta na tsani koren nan. In ƙawaye za su zo gidanmu sai in ce su nemi ƙofa mai launin motar haya, in riga su yin dariyar. Na ɗauki hutu daga maɗaba'a don in zauna da Mama, hannuna ba abin yi, kullum ƙofar nan a gabana. Shekara ashirin da wani abu ina gyara rubutun mutane. Ba na iya zama ɗaki ɗaya da kuskure in ƙyale shi.

Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan.

Alhamis, da rana

Duk abin da na kankare na zubar, mai shara ya tafi da shi tuntuni. Don haka na koma garejin da wuƙata.

Maigadi ya same ni a durƙushe ina ɓantarar ƙofar mutane.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Lafiya ce ta kawo ni nan da wuƙa?"

"Ƙofar za ki sace ko me?"

"Kaɗan-kaɗan nake ɗauka, kada ka lura."

Ya dube ni, ya dubi gilashin idona da jakata, ya rasa inda zai ajiye ni. Daga ƙarshe shi ya nuna mini inda fentin ya fi kauri.

Mai shagon fenti ya juya ɓawon a tafin hannunsa ya ce an daina yin wannan tun kafin a haife shi, kuma ya ga dalili. Ya ɗauko mini wani kore mai haske, wai shi ake yayi. Na ce ba ado na zo nema ba. Ya fara haɗawa, kore, ɗigon baƙi, ɗan ruwan ɗorawa. Yana shafawa a kwali muna gwadawa.

"Ya yi?"

"Bai yi ba. Ƙara masa muni."

"Hajiya, wa ya yi miki laifi a gidan nan?"

"Dukansu. Ƙara baƙin."

Da ya zo daidai ba sai da na gwada da ɓawon ba. Na biya na ɗauki gwangwanin.

Juma'a, da safe

Matar Auta ta turo hoton ɗakin da ta shirya wa Mama. Labule sabo, gado mai ƙarfen riƙewa a gefe, har da fure a tebur. Ta rubuta cewa in akwai abin da Mama ta fi so a ɗaki in gaya mata. Da muguwa ce da na ji sauƙi. Na karanta littattafai da yawa, kuma a cikinsu akan ba mace irina wanda za ta tsana da hujja. Ni an ba ni mutanen kirki masu mota.

Ƙofar ɗakin fara ce.

Asabar, da yamma

Na shafa. Katakon da na yi wata ina lallashi, mai jijiyoyi kamar ruwa yana gudu, na rufe shi da hannuna. Na yi yadda ya kamata, shafi mara kauri, daga sama zuwa ƙasa, ba ɗigo ba zane. Matar maƙwabci ta fito ta riƙe baki. Na ce mata in tana da magana ta ajiye, zan zo in karɓa.

Litinin, da hantsi

Ta bushe. Na fito da Mama, na tsallaka da ita, na juyo da ita.

Ta tsaya. Fuskarta ta yi wani abu da na daɗe ban gani ba. Ta matsa, ta kai babban yatsanta ƙasan mariƙin tana lalube, kamar mai neman makunnin fitila. Ba ta sami abin da take nema ba. Duk da haka ta ɗaga ƙafa ta doki ƙasan ƙofar, yadda kowa a gidan nan ya yi shekara da shekaru, don da ba ta buɗuwa sai an doke ta.

Ƙofar ta tafi fiu, ta bugi bango. Saura kaɗan Mama ta kifa, na tare ta.

"Ta yi kama da tawa," in ji ta, tana haki. "Amma ba ita ba ce. Kada mu shiga wa mutane gida."

Sai da na yi ta lallashi.

Litinin, da yamma

Ashe ba launi kaɗai ba ne. Yatsa ya san nasa, ƙafa ta san nata, kunne ma haka. Ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara.

Talata, da rana

Tun da ta gan ni da burushi ta samo mini suna. Mai fenti. Ya fi wanda take kirana da shi da, wanda ake kiran matar da aka haɗu da ita a layin asibiti.

Ina wanke burushi ta zo ta tsaya a kaina, ta ce, "Mai fenti, kina da 'ya'ya?"

Na ce a'a.

"Ni ina da 'ya. Barkono muke ce mata, don ba a taɓa ta. Ta yi karatu sosai. Da tana nan da ba a ajiye ni a gidan mutane ba, da tuni ta ɗaga musu titin nan."

Na ce Allah ya kawo ta.

Na ci gaba da wanke burushin har gashinsa ya fara zuba. Shi ma zai yi amfani.

Laraba, da safe

Aikin yau ɓarna. Na samo siririn katako na manna a ƙasan da na fere, na buga masa ƙananan ƙusoshi, na yi ta gogewa ina gwadawa har ta koma cijewa. In ya yi yawa ba za ta buɗu ba, in ya yi kaɗan ba za ta nemi duka ba. Sai ƙarafan. Na wanke man da kananzir, na shafa musu ruwan gishiri. Tela yana leƙowa daga shago.

"Malama, me kike sa musu?"

"Tsatsa nake shukawa."

"Allah ya ba da yabanya."

Fentin ne ya gagare ni. Na cika burushi na lafta, na bar shi ya zuba, amma ko zubar tawa a tsare take fitowa. Na goge na sake, na goge na sake. Hannuna ya ƙi yin ƙazanta.

Alhamis, da hantsi

Baba bahago ne.

Ina shan shayi abin ya faɗo mini. Na gan shi tsaye da singileti, rediyo a ƙasa, gwangwani a dama, burushi a hagu, yana gardamar ƙwallo da uban tela, ko kallon ƙofar ba ya yi. Daga ƙasa yake farawa ya yi sama, a karkace. In ya zo mariƙi ba ya kwance shi, zagaye shi yake yi, fentin ya taru a ƙasa ya daskare ya yi tudu kamar ƙwayar wake. Shekara bayan shekara a wuri ɗaya. Shi yatsan Mama ke nema. Ni kuwa rana guda na sa wuƙa na fille shi, har ina jin daɗi.

Na mai da burushin hannun hagu. Na kunna rediyo. Na kira tela na ce ya zo ya yi mini gardama, kowace iri. Ya ce ai ni ba a gardama da ni, sai dai a saurara. Na ce to wannan ma gardama ce, ci gaba. Muka yi ta yi, ina shafawa ba na kallo.

Da na juyo na ga aikin Baba. Mummuna, mai kauri, da zane a karkace, da gashin burushi biyu a ciki. Na shiga makewayi na daɗe.

Tudun kuwa sai a hankali. Ɗigo ɗaya, a bari ya sha iska, a ƙara wani.

Asabar

Ɗigo.

Lahadi, da yamma

Auta ya ce in haɗa mata kaya, jibi zai zo. Ya ce kuma in cire sakatar ciki kafin nan, kada ta kulle kanta. Na ce to. Ban haɗa ba, ban cire ba.

Ƙarafan sun fara kuka, amma da siririyar murya. Na da kamar jaki suke. Na ƙara gishiri.

Talata, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Da safe na raka ta shagon tela na baro ta a benci, karon farko tun waccan Larabar. Auta ya iso kafin rana ta take, da akwati babu komai a ciki. Ya fito daga mota ya ga ƙofar.

"Yaya! Me kika yi mata? Wadda kika turo mini hotonta fa?"

"Tana ciki."

"Ina Mama?"

Na nuna masa da haɓa. Ya ce ashe ban da hankali, bayan duk abin da ya faru. Zai tsallaka na riƙe masa riga. Na ce ya tsaya nan gefe ya rufe bakinsa, in ta wuce ƙofar nan ko da taki ɗaya ne, ni da kaina zan haɗa kayan in sa ta a motar. Ban san zan faɗi haka ba sai da na ji shi a bakina.

Muka tsaya jikin motar. Tela ya daina taka keke.

Ta tashi a lokacinta. Ta kakkaɓe zare daga zaninta, ta duba hagu da dama, ta tsallako. Ta gaishe mu, ni da ɗanta, gaisuwar mutanen hanya. Ta tsaya gaban ƙofar. Ba ta ma dube ta sosai ba. Yatsa ya tafi ƙasan mariƙi ya sami tudunsa. Ƙafa ta ɗaga ta doka. Ƙofar ta cije, ta saki, ta yi kukanta.

Ta shige. Ta mai da ƙofar. Muka ji sakata, ƙarau.

Auta ya dube ni. Ya je ya ƙwanƙwasa a hankali.

"Mama, ni ne. Auta ne."

"Auta yana makaranta."

"Mama, buɗe mana."

"'Yata ta hana ni buɗe wa kowa in ba ta nan. Ku dawo in ta dawo."

Ni na kafa mata wannan doka, shekarun baya. Na matsa na gwada muryar likita. Mama, don Allah, a hankali, da murmushi, ga ƙofa ina yi wa murmushi. Ta ce ta ji, amma mu yi haƙuri. Rana na dukanmu, maƙwabta sun fara leƙowa, na tuna na bar ruwa a kan wuta. Auta yana cewa ai ya gaya mini, ai ya ce in cire sakatar, ai ya ce.

Ban san sanda na daki ƙofar da tafin hannu ba.

"Mama! Wai mene ne haka? Buɗe ƙofar nan, kin shanya mu a rana kamar wanki! Kuma ki kashe mini wutar can kafin ki ƙone mu!"



"Barkono?"

Ta sake kira daga bayan ƙofar.

"Barkono, ke ce? Ke dai kullum faɗa, kamar wadda aka yi wa gorin uba. Ina kika shiga ne tun tuni? An kai ni wani gida an ajiye, ba ki zo ba."

Na ce aiki ne ya riƙe ni. Ta ce kullum aiki. Ta tambaya ko na ci abinci. Ta ce in daina yawo ba ɗankwali mai kauri, sanyi na kama ni a kunne. Na zauna a dokin ƙofar na jingina, muka yi ta hira ta cikin katako. Na yi mata tsiwa ta rama. Ta kashe wutar, na ji ta. Ba ta tuna da sakatar ba, ni kuma ban tuna mata ba.

Ban ga sanda Auta ya mai da akwatin cikin mota ba. Ya zo ya tsuguna kusa da ni, idonsa ja. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "In ta sake ɓata ko sau ɗaya ne, Yaya."

Na ce na ji.

"Bayanki duk fenti."

Na ce na sani. Tudun bai gama bushewa ba, sai na gyara shi.

Ya ce in ce mata Auta ya dawo daga makaranta, yana gaishe ta. Na faɗa. Ta ce a ce masa ya cire kayan makarantar kafin ya fita wasa. Ya tashi ya shiga motarsa, ya daɗe bai tayar ba.

Da ta buɗe, rana ta yi sanyi. Ta dube ni. Ta leƙa bayana, ta duba titi hagu da dama.

"Mai fenti, ba ki ga 'yata ba? Yanzun nan muke magana."

Na ce ta zagaya, tana zuwa.

"To shigo ki jira ta. Ki doki ƙasan, cijewa take. Maigidana ne ya yi mata fenti, bai iya ba, amma ba a gaya masa."

Laraba, da safe

Ta ci. Ta shiga kicin ta ce an canja mata wurin cokula, ta mai da su inda suke da.

Auta ya turo saƙo wai in cire sakatar.

Anjima in ta dawo daga wurin tela zan fita in tsaya a gefe, in bari ta kulle ni.